Matafiyi Ya San Tudun Da Yake Hawa

Duk ɗan Arewa mai neman abinci a Inugu ko Anacha ko Fatakwal ya san inda mota ke fara nishi. In an ƙetare gadar Makurɗi, aka wuce Otukpo da Obollo-Afor, sai ƙasa ta soma tashi, a yi ta hawa da gangara har Ninth Mile, inda hanya ta rabu, ɗaya ta nufi Anacha, ɗaya ta gangara Inugu. Waɗannan su ne tuddan Udi, waɗanda suka miƙe tun daga wajen Nsukka har Awgu da Okigwe. Abin takaici, mutum sai ya shekara ashirin yana ratsa su da shanu ko albasa ko wake, amma in an tambaye shi labarinsu, iyakar abin da zai faɗa shi ne wurin da birki ke tsinkewa. Ra'ayin wannan shafi shi ne, wannan jahilci ba ƙaramar hasara ba ce, kuma lokaci ya yi da shugabannin zango za su yi maganinsa.

Da farko dai, tuddan nan su ne asalin zaman Hausawa da yawa a wannan yanki. Cikin 1909 Turawa suka gano kwal a ƙasar Udi, aka soma haƙarsa cikin 1915. Domin a fitar da shi zuwa teku aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga sabuwar tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, ta iso Inugu cikin 1916. Daga baya aka ja dogon zuwa Makurɗi da Kafanchan, ya haɗu da na Kaduna. Jirgin da ya kai kwal Arewa shi ya komo da fatake da mahauta da masu shanu. Sunan garin ma daga tudun ya fito, gama a harshen Ibo ma'anarsa kan tudu. Yau an daina haƙar kwal kamar yadda ake yi a da, manyan motoci kuma sun karɓe aikin jirgi, amma unguwannin da kakanni suka kafa suna nan.

Na biyu, akwai jini a cikin waɗannan tuddai wanda ya shafi kowane ɗan Nijeriya. Ranar 18 ga Nuwamba 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta a kan ma'aikatan kwal masu neman hakkinsu a ramin Iva Valley, suka kashe mutum 21, suka raunata 51. Wannan kisa ya girgiza ƙasar nan, ya ƙara wa masu neman mulkin kai ƙarfi. Shekara bakwai bayan haka, watau 1956, da Inugu ta sami majalisar birni, wanda ya zama magajin garinta na farko shi ne Malam Umaru Altine, Bafulatani mai cinikin shanu daga ƙasar Sakkwato. Mutanen gari ba su ɗora shi a kan wannan kujera don yawan dukiya ba. Ya zauna da su, ya shiga harkarsu, ya san abin da ke damunsu. Yaro nawa ne a zango yau ya taɓa jin sunansa?

Na uku, ƙasar kanta abin kallo ce. Tsohuwar hanyar Milliken Hill, wadda ke nannaɗe da gefen tudu kamar rawani, ita ce ƙofar Inugu kafin a yi babban titi. A Ngwo akwai kurmin dogayen itatuwa da kogo mai ruwa yana zubowa daga sama. A Awhum ruwa ke faɗowa daga kan dutse, kusa da wani gidan ibada na Kirista masu keɓe kansu. Kusa da Anacha kuma akwai kogunan dutse na Ogbunike, inda ake sauka matakala 317 kafin a kai bakinsu, kuma tun 2007 suna cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa hukumar UNESCO. A can ba a shiga da takalmi. Wanda ya saba tuɓe nasa a ƙofar masallaci da ƙofar fada bai kamata wannan doka ta zame masa abin dariya ba. Bakano ba ya yarda a raina Dala, Bazazzagi ba ya yarda a raina Kufena. To, haka mutumin Udi da na Ogbunike suke ji game da nasu.

Wani zai ce shi ciniki ya kawo shi, ba yawon buɗe ido ba, kuma wanda ya tuna 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya fi son ya tsaya cikin 'yan'uwansa. Wannan tsoro yana da dalili, ba wanda zai musa. Amma fa zangon da ya rufe ƙofarsa shi ne ƙarya ta fi saurin kamawa, gama babu wani ɗan gari da zai tashi ya ce ya san mutanen ciki. Rigingimu da yawa ƙananan abubuwa ke haddasa su: an kora dabba cikin gonar doya, an sari itace a kurmin da mutane ke girmamawa, an wanke mota a rafin da ƙauye ke sha. Sau da yawa wanda ya yi bai san laifi ya yi ba, amma rashin saninsa ba ya hana a ƙona rumfar wanda bai ji ba bai gani ba.

Daɗin daɗawa, ƙasar tuddan nan rairayi ce mai saurin rugujewa. Wanda ya ga kwazazzaban Agulu da Nanka a Jihar Anambra, waɗanda suka cinye gonaki da gidaje, ya san abin da ruwan sama ke yi wa gangaren da aka tsiraita. Saboda haka ne tun shekarun 1950 aka dasa itatuwan kashu a wajajen Oghe don su riƙe ƙasa. Ɗan Arewa, wanda hamada ta koro wasu danginsa daga gonakinsu, shi ya fi cancanta ya gane zafin manomin da ƙasarsa ke tafiya. Mai gawayi da mai kiwo su lura: turbar da kofato ya daddaɓe a gangare, ita ruwa ke bi ya mai da ita rami.

Maganin ba mai tsada ba ne. Sarakunan Hausawa na Inugu da Anacha da Fatakwal, tare da shugabannin kasuwannin shanu irin su Ugwuoba da Lokpanta, su riƙa sanar da kowane sabon zuwa iyakokin gonaki da kurmin da ba a taɓawa, kamar yadda ake nuna masa masauki da masallaci. Lokacin bikin sabuwar doya a kai gaisuwa ga sarakunan ƙauyuka, lokacin Salla kuma a gayyace su. Malaman Islamiyya da ƙungiyoyin matasa su ɗauki yara a mota sau ɗaya a shekara, a kai su Ngwo ko Ogbunike, a nemi ɗan gari ya yi musu bayani, a biya kuɗin shiga ba tare da gardama ba. Direbobi kuwa su duba birki tun daga Ninth Mile, su bar gudu a gangara, gama rayukan da ke ƙasan tudu amana ne a wuyansu.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma ba ta buɗe kome ga wanda ya yi barci tun daga tasha har tasha. Wanda ƙasa ta ciyar da shi, ta ciyar da 'ya'yansa, wajibi ne ya san sunayen tuddanta, ya kiyaye abin da masu ita ke kiyayewa. Allah ya kai matafiya lafiya, ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.