SHARHI: An mayar da Turanci harshen koyarwa, amma wa zai buɗe bakin ɗaliban Maiduguri?

A watan Nuwamban 2025 ne Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar a Abuja cewa Gwamnatin Tarayya ta soke tsarin koyar da 'yan firamare da harshen uwa, wanda aka amince da shi a 2022 zamanin Adamu Adamu. Daga yanzu Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin share fage har jami'a. Hujjar ministan ita ce yawan faɗuwa a jarabawar WAEC da NECO da JAMB. Sai dai sanarwa ba ta sa yaro magana, kuma Maiduguri na daga cikin wuraren da za a fi ganin hakan.

Yaron Maiduguri ba baƙon harsuna ba ne. Yana jin Kanuri ko Larabcin Shuwa ko Babur ko Margi a gida, ya tsinci Hausa a unguwa da kasuwa, duk da kunne da baki, ba tare da littafi ba. Turanci ne kaɗai ake fara masa da allo da alli: malami ya rubuta, aji ya maimaita da murya ɗaya, kowa ya kwafa. Haka yaro zai kammala sakandare yana zayyana ƙa'idojin nahawu, amma da zarar ya tsaya gaban masu tantancewar ɗaukar aiki sai bakinsa ya mutu.

Dalili na farko shi ne jarabawar kanta. A Najeriya, takardar WAEC da ake kira gwajin furuci da fensir ake amsa ta, ɗalibi yana zaɓar amsa ɗaya daga jerin amsoshi, bai furta ko kalma guda ba. Abin da jarabawa ba ta tambaya, malami ba ya ɓata masa lokaci.

Na biyu shi ne malamin. A Fabrairun 2022, kwamitin da Gwamna Babagana Zulum ya kafa ya ba da rahoton gwajin malaman firamare 17,229. Daga cikinsu 5,439 ne suka cancanta, 7,975 za su iya idan an horar da su, 3,815 kuwa aka ce ba za su horu ba. Idan aka tilasta wa malamin da Turancinsa ke ɗingishi ya koyar da lissafi da kimiyya da shi, asarar biyu ce: ba darasin, ba harshen.

Amma fa akwai dabarun da ba sa bukatar kwamfuta ko wutar lantarki. A cikakken aji, idan malami na tambayar yara ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu za su tashi ba su ce uffan ba. In ya haɗa su bibbiyu na minti goma, wannan mai saye wancan mai sayarwa, ko fasinja da mai Keke Napep, kowa zai yi magana. Haka nan yaro na iya ba da tatsuniyar da ya sani da Kanuri ko Hausa, sannan ya sake ba da ita da Turanci a jimla biyar. Ta fuskar sauraro, malami ya ba da umarni, yara su aikata: tashi, buɗe taga, taɓa allo. Wanda bai fahimta ba nan take za a gane shi. Rikita sautin p da f, da aka san masu jin Hausa da shi, gajeren atisaye na kullum ke gyara shi. Bulala da tarar da wasu makarantu ke ɗora wa mai magana da harshen gida shiru kawai suke koya wa yaro. Rediyo kuma, wanda aka koyar da yaran Borno ta cikinsa lokacin kullen korona, zai iya kai ingantaccen furuci kowane aji, malami da ɗalibai su ƙaru tare.

Gwamnatin Tarayya ma ta san da haka. Ita ta kafa Ƙauyen Larabci na Ngala, a nan Borno, da na Faransanci a Badagry, don ɗaliban jami'a su zauna inda dole su yi magana da harshen. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 shi ma darasi ne: an koyar da yara da Yarabanci, aka damƙa darasin Turanci hannun ƙwararrun malamai, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba.

Don haka sauran aikin yana kan teburan Abuja. Hukumar UBEC na iya karkata kuɗin horar da malamai ga maganar baka, a fara da waɗancan 7,975. NERDC ta ware wa magana da sauraro lokaci a manhaja, NCCE ta sa iya magana cikin sharuɗɗan yaye malami a kwalejoji irin ta Kashim Ibrahim da ke Maiduguri, NECO kuma ta fara ba da maki a kan abin da ɗalibi ya furta da bakinsa. In ba haka ba, za a wayi gari an raba yaron Gwange da harshen da yake fahimta, ba a ba shi wanda zai nemi aiki da shi ba.