Tsohuwar Bitil: A Bar Ta Yadda Take Ko A Sake Mata Kama?

'Yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, na san wani zai ce me ya haɗa yaro ɗan shekara 16, wanda ko keke bai mallaka ba, da maganar mota. To, ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Abin da nake so in yi magana a kai shi ne wata gardama da ta daɗe tsakanin masu sha'awar ajiye tsofaffin ƙananan motoci. Waɗansu sun ce in ka sami tsohuwar mota ka bar ta yadda kamfani ya ƙera ta, ko noti ɗaya kada ka sake. Waɗansu kuwa sun ce mota ta mai ita ce, in ya ga dama ya sa mata sabon inji, ya yanke mata rufi, ya shafe ta da fentin da ransa yake so. Ni ra'ayina shi ne, duk abin da sifana za ta kwance, kuma sifana za ta iya mayarwa, babu laifi a sake shi. Amma abin da sai an sa zarto ko wutar walda an yanke jikin mota, wannan ban yarda da shi ba.

Zan kafa misali da motar da iyayenmu suka fi sani, watau Volkswagen Beetle, wadda muke kira Bitil, Yarabawa kuma suke ce mata Ijapa, watau kunkuru, saboda ƙusumbin bayanta. Wani injiniya mai suna Ferdinand Porsche ne ya tsara ta a Jamus, aka kafa masana'antarta a 1938, amma ba ta yaɗu ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1972 ta zarce tsohuwar Ford Model T wajen yawa, sa'an nan ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla ta ƙasar Meziko ran 30 ga Yuli 2003, bayan an ƙera fiye da miliyan 21. Mu ma muna da rabo a wannan tarihi, domin tun daga 1975 aka riƙa harhaɗa ta a Ojo, kan hanyar Badagiri a Legas, a shekarar da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna. Malaman makaranta da akawuna da yawa da ita suka fara. Wannan masana'anta ta daɗe da daina fitar da Bitil, saboda haka waɗanda suka rage a gidajenmu su ke nan, ba za a ƙara ba.

Wanda bai taɓa duba ta ba zai yi mamakin yadda aka yi ta. Injinta a baya yake, but da tankin mai suna gaba, batir kuwa yana ƙarƙashin kujerar baya. Ba ta da lagireto, ba ta shan ruwa. Fanka ce ke hura wa injin iska, fambel kuma ke juya fankar. In fambel ya tsinke direba bai lura ba, kafin ya yi nisa inji ya ƙone. Abin da ya fi muhimmanci ga maganata shi ne, bodinta ɗaure yake a kan shasi da kusoshi masu noti. Ana iya kwance su a ɗaga bodin gaba ɗaya a ajiye gefe. Injin ma kusoshi huɗu ne ke riƙe da shi a jikin giya, bakanike gwani yakan sauke shi cikin ɗan lokaci kaɗan. Watau mota ce da aka yi ta don a kwance, a gyara, a mayar.

To, masu son sake wa mota kama suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Ga misali daga Ingila. A 1959 Alec Issigonis ya fito da ƙaramar motar nan Mini, don masu ƙaramin ƙarfi su sami abin hawa mara shan mai. Sai abokinsa John Cooper, mai ƙera motocin tsere, ya ga ta dace da gudu, ya ƙara wa injinta ƙarfi, ya sa mata burki mai kyau. Da fari Issigonis bai so ba. Amma a 1961 aka fara sayar da Mini Cooper, ita ce kuma ta ci tseren Monte Carlo a 1964 da 1965 da 1967. Haka Carlo Abarth ya yi wa Fiat 500 a Italiya. Yau waɗannan motoci da aka taɓa su sun fi waɗanda ba a taɓa ba daraja. Da a ce kowa ya ce kada a sake noti, da ba a yi su ba.

Sa'an nan akwai maganar rai. Tsofaffin Bitil na kafin wajen 1967 da wutar bolt 6 suke aiki, fitilarsu da dare kamar aci-bal-bal. Burkinsu kuma layi ɗaya ne, in mai ya tsiyaye ta wuri ɗaya duk ƙafafu huɗu sun rasa burki. Ga kuma tiyon fetur na roba da yake bi kusa da inji mai zafi; in ya tsufa ya tsage, sai gobara. Wanda ya ce a bar tiyo mai shekara 40 a jikin mota don wai shi ne na asali, sa'an nan a ɗebi yara a hau hanyar Kano zuwa Zariya tsakanin tireloli, ba ƙaunar tarihi yake ba, ganganci yake yi. A sake tiyo, a gyara burki, a sa bel na kujera. Duk waɗannan aikin sifana ne.

Inda na rabu da su shi ne wajen yanka. Bari in ba ku wani labari da masu ajiye Bitil suka sani. Waɗanda aka ƙera kafin 1953 gilashin bayansu biyu ne ƙanana, da ƙarfe a tsakani. Da kamfani ya fito da gilashi guda mai siffar ƙwai, sai mutane da yawa suka ga tasu ta zama tsohon yayi, suka kai ta gareji aka yanke ƙarfen tsakiyar don ta yi kama da sabuwa. A lokacin sun ɗauka ci gaba ne. Yau ga shi mai gilashi biyun nan ita ce ake nema ruwa a jallo, kuma masu saye suna biyan maƙeri ya mayar da ƙarfen da kakanninsu suka biya aka yanke. Ko an mayar kuwa, wanda ya san mota zai gane tabon walda. Haka kuma a 1964 wani mutum a Kalifoniya ta Amurka, Bruce Meyers, ya fito da motar wasa a kan rairayi mai suna Meyers Manx. Da ta yaɗu, sai aka riƙa jefar da bodin Bitil, a yanke shasinta a rage tsawonsa da kimanin inci 14, a ɗora bodin roba. A zamaninsa Bitil tana ko'ina kamar jamfa a Jos, in an yanke ɗaya ana ƙera dubu. Yanzu in ka yanke ɗaya, ɗaya ta ragu a duniya.

Wani zai ce, to, ina ruwanka, da kuɗinsa ya saya. Gaskiya ne, ba kuwa na ce a kai shi gaban alƙali ba. Amma motar da ta shekara 45 ta riga ta wuce ta hannun mutum uku ko huɗu, kuma in an kula da ita za ta wuce mai ita na yanzu. Kamar tsohon zauren gida ne. Magaji yana da iko ya sa wutar lantarki, ya yi yaɓe, ya toshe inda ke yoyo. In ya rushe shi ya yi shago, ba wanda zai kama shi, amma ya yanke wa na bayansa hukunci ba da shawararsu ba.

Turawa sun daɗe suna wannan gardama har ta shiga dokokinsu, kuma abin da ya burge ni shi ne ba su hana gyara ɗungurungum ba. A Jamus tun 1997 motar da ta kai shekara 30 tana iya samun lamba ta musamman mai harafin H a ƙarshe, da sauƙin haraji, muddin tana nan kusa da yadda aka ƙera ta. Amma sun yarda da canjin da aka saba yi a zamanin motar, domin shi ma tarihi ne. A Ingila kuwa motar da ta wuce shekara 40 ana ɗauke mata gwajin shekara-shekara, sai fa in an yi mata babban canji cikin shekara 30 da suka wuce. Watau ba su ce kada ka taɓa ba. Sun ce in ka taɓa da yawa, to, ka daina kiranta tsohuwar mota.

Wannan ya kawo ni ga maganar lantarki, wadda ita ce ta fi zafi a yanzu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa ya san yadda aljihun iyayenmu ya ji. A 2014 jaridu sun ba da labarin wani ɗalibin Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife wanda ya mayar da tsohuwar Bitil mai aiki da hasken rana da iska. A 2019 kamfanin Volkswagen da kansa ya nuna tsohuwar Bitil da aka sa wa injin lantarki. A wannan shekarar kuma ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ta ce ita ba ta lissafa irin waɗannan cikin motocin tarihi. Ni a ganina duka biyun sun yi daidai. Ɗalibin nan ya cancanci yabo, kuma irinsa muke so a ɗakunan koyon sana'a na makarantunmu. Amma motar da aka cire wa wannan inji mai tattara a baya, wanda ko yaro yana cikin gida ya ji ƙararsa ya san wace mota ce ta shigo layi, ta zama wata aba dabam. Shawarata ita ce mai son gwajin lantarki ya nemi wadda injinta ya riga ya mutu, irin waɗanda kaji ke ƙwai a cikinsu a bayan gareji. Kada ya kama lafiyayya ya yi gwaji a kanta. In kuma dole sai lafiyayyar, to, ya sauke injin ya shafe shi da baƙin mai ya ajiye, kada ya huda shasi.

Haka na ga wani kawuna yana yi da tasa. Da kafiretarta ta gaji ya sa wata, amma tsohuwar tana nan cikin kwali a ɗakin ajiya, tare da sitiyarin asali da takardun sayen motar. Abokansa suna yi masa dariya wai yana tara shara. Shi kuwa cewa yake yi ranar da zai sayar, ko ya bar wa 'ya'yansa, kwalin zai bi motar.

Su ma masu cewa a bar mota yadda take akwai inda nake da ja da su. Waɗansunsu sukan kankare fentin asali, su yar da kujerun da suka koɗe, su sayo kome sabo fil, sa'an nan su ce sun mayar da ita yadda take. Wannan ma ai sake kama ne, sai dai da ladabi. Ku tuna baƙar Marsandin Janar Murtala Muhammed da ke gidan tarihi na Onikan a Legas, wadda aka harbe shi a ciki ran 13 ga Fabrairu 1976. Ita ba ƙaramar mota ba ce, amma darasin ɗaya ne: da wani mai gyaran bodi ya toshe ramukan harsasan ya fesa fenti, da mutane ba su da abin da za su je gani. Ko a babban bikin nunin motoci na Pebble Beach a Amurka, inda aka saba ba da kambi ga motocin da aka goge suna ƙyalli, a 2024 wata Bugatti ta 1934 da aka bari da tsohon fentinta da tabonta ita ta zo ta ɗaya. Wannan ne karo na farko da irinta ta ci.

Amma in za mu faɗi gaskiya, a ƙasarmu ba mai sake kama ne ya fi cinye Bitil ba, sikeli ne. 'Yan gwangwan suna zagayawa unguwa-unguwa, a sayar musu da mota a kan nauyin ƙarfenta, su farfasa ta da guduma a yini ɗaya. Sassan da za su tayar da motoci uku sai su tafi narkawa, alhali kuwa wani yana can yana yawo a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano yana neman fitila ɗaya tak bai samu ba. Tsakanin wanda ya sa wa tasa jan fenti da manyan tayoyi yana hawa, da wanda ya bar tasa cikin ruwan sama shekara 20 tana ruɓewa yana cewa ai ta asali ce, ni na fi ganin mutuncin na farko.

Saboda haka iyayenmu, in akwai irin wannan mota a gida, kafin a kira mai sikeli a ɗaga kujerar baya a duba. A nan kan ƙarfen tsakiyar shasi aka buga lambarta, da ita ake gane shekarar da aka ƙera ta. A rubuta lambar, a ɗauki hoton motar ciki da waje, a nemo takardunta in suna nan. In ba mai iya tayar da ita a gidan, a tambayi malamin koyar da aikin ƙarfe na makaranta mafi kusa ko yana so. Mu nan a ɗakin sana'armu har yanzu da zane a kan allo ake nuna mana yadda fistin yake hawa da sauka.