Motar jan kwale-kwale: a auna kaya da hanya kafin a zaɓi inji

Jihar Katsina ba ta da kogi irin Kwara ko Binuwai, don haka masuncinta ya dogara ne da madatsun ruwa da tafkuna da guraben da damina ke bari a ƙoramu. Wanda ke zaune a 'Yargoje ta Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara, ko a ƙauyukan Faskari da Sabuwa, in yana son su na sosai sai ya nufi Mairuwa ko Gwaigwaye ta wajen Funtuwa, ko Zobe ta ƙasar Dutsinma. Dole ya kwashi kwale-kwale da koma da kalli ya bi ruwa inda yake, in kifi ya yi ƙaranci a wannan dam ya koma wancan. Daga nan tambayar mota ke tasowa ga masunta da fataken kifi da ƙungiyoyinsu: wace a-kori-kura za a saya, mai shan fetur ko mai shan gas? Dillalai sun fi cewa a nemi babba mai gas, wai ita ce mai ƙarfin ja. A ganina wannan shawara ba ta dace da masuncin kudancin Katsina ba. Abin da ya kamace shi shi ne matsakaiciyar mota mai shan fetur, mai giyar hannu, mai ja da taya huɗu, wadda bakaniken Ƙanƙara ko na Funtuwa zai buɗe injinta ya gane kanta.

Mu fara da nauyin kayan, domin shi ne mafarin lissafi. Manyan motocin da ake gani a hotunan Amurka, irin su Ford F-250 da Ram 2500 mai injin Cummins, an ƙera su ne don jan tirelar dawaki da jiragen ruwa na shaƙatawa masu nauyin tan biyar ko fiye, a kan titi mai faɗi, zuwa gaɓar da aka dandaɓe da siminti. Kwale-kwalen katako na madatsun ruwanmu, a haɗa shi da koma da kwanduna da ƙaramin injin Yamaha mai ƙarfin doki 15, wanda shi kansa bai kai kilo 50 ba, da wuya nauyinsu duka ya kai tan ɗaya. Toyota Hilux mai injin fetur na lita 2.7 kamfanin ya amince mata ta ja kusan kilo 2,500 idan tirelar na da nata birki, mai injin gas na lita 2.8 kuwa har kilo 3,500. Ke nan ƙaramar cikinsu ma ta ninka buƙatar masunci. Duk kuɗin da aka ƙara don sayen ƙarfin da ya wuce haka an kashe shi ne a kan aikin da ba za a taɓa sa motar ba, alhali daidai ruwa daidai tsaki shi ne ƙa'idar mai neman riba.

Masu son injin gas suna da hujja mai ƙarfi. Yana ba da ƙarfin ja tun yana juyawa a hankali, yana shan lita kaɗan a tafiyar da mai fetur zai sha da yawa, musamman in an yi lodi, kuma in ya sami kulawa yana daɗewa. Amma ba lita kaɗai ake lissafawa ba, har da farashinta da yawan tafiyar. Gwamnati ta daɗe da janye hannunta daga farashin gas, kuma a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, kuɗinsa ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan watanni. Gaskiya ne cire tallafin fetur da Shugaba Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayun 2023 ya rage tazarar da ke tsakaninsu, kuma matatar Ɗangote ta fara fitar da gas a farkon 2024, fetur kuma a watan Satumban shekarar. Duk da haka tanadin da injin gas ke yi ba ya biyan kuɗinsa sai ga motar da kullum ke kan doguwar hanya, kamar mai ɗauko banda daga Yawuri ko Haɗeja. Motar da za ta kai kwale-kwale Zobe ta dawo, sai kuma bayan wasu makonni, za ta tsufa kafin rarar mai ta cike giɓin farashin saye da na gyara.

Gyaran ma shi ne babbar magana. Tsofaffin injunan gas irin 3L da 5L da suka yi wa Hilux suna masu haƙuri ne, famfon mansu na ƙarfe ne zalla, ba ruwansa da kwamfuta. Na zamani ba haka suke ba. Suna tura mai da matsi mai tsanani ta nozul masu ƙananan ƙofofi, kwamfuta ce ke sarrafa su, kuma ɗan ruwa ko datti a cikin mai ya isa ya lalata su. Wanda ya san yadda ake sayar da mai a ƙauye, daga duro zuwa jarka zuwa galan, ya san tsabtar da irin wannan inji ke buƙata ba kullum ake samun ta ba. In ya lalace kuwa, sai an ɗauki motar zuwa Kano ko Kaduna, a biya kuɗin ɗauka, a jira kayan gyara, ga lokacin su yana wucewa. Injin fetur mai silinda huɗu, matsalarsa ta yau da kullum ba ta wuce fulogi da famfon mai da matatar mai, kuma kayansa na nan a shagunan Funtuwa da Malumfashi. Tarihi ma ya nuna mana haka. Peugeot 404 da 504 ba su mamaye hanyoyin kasuwannin ƙauye don sun fi kowace mota ƙarfi ba. Kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, kayan gyara suka wadata, kowane gareji ya iya su, shi ya sa har yau ake ganin tsofaffin a-kori-kura suna dakon masara.

Akwai kuma abin da mutumin wannan yanki ba zai manta da shi ba. A ƙarshen watan Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar daƙile matsalar tsaro, ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana sayar da mai a jarka, ta taƙaita gidajen man da za su yi ciniki a ƙananan hukumomin da suka haɗa da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, daga baya aka katse layukan waya. Darasin shi ne samun mai a nan ba abu ne tabbatacce ba. Masunci ya riga ya zama mai neman fetur, domin shi injin kwale-kwalensa ke sha, shi babur ɗinsa ke sha, shi injin ban-ruwan da yake noman rani da shi ke sha. In motarsa ma fetur take sha, nema ɗaya zai yi, ajiya ɗaya, lissafi ɗaya. In ya ƙaro gas a kai, ya ɗora wa kansa wahala biyu a wurin da ɗaya ma ta isa.

Batun tsaro ya wuce na mai. Mutanen 'Yargoje ba su manta harin watan Yunin 2024 da ya ci rayuka da dama ba, kamar yadda Ƙanƙara ba ta manta sace ɗaliban sakandaren kimiyya fiye da 300 a watan Disamban 2020 ba. A irin wannan hanya, lalacewar mota da la'asar ba asarar lokaci kaɗai ba ce, barazana ce ga ran direba da yaran mota. Motar da za a iya turawa ta tashi in batir ya yi sanyi, wadda direba zai iya lallaɓa ta da sifana da filaya har ta kai gari, ta fi wadda za ta kunna jar fitila ta ƙi motsi sai an kawo na'urar bincike daga birni. Haka kuma dalleliyar mota mai sheƙi tana jawo ido, tana sa a zaci mai ita attajiri ne ko jami'in gwamnati. Tsohuwa mai lafiya ta fi rufa wa mai ita asiri.

To ina ya kamata kuɗin su tafi? Na farko a kan ja da taya huɗu da ƙaramar giya, domin gaɓar dam laka ce da yashi da gangare, kuma a nan ne mota ke kafewa komai girman injinta. Na biyu a kan birki da taya da lagireto, domin tsayar da kaya ya fi jan sa wuya. Ƙa'idar da masu ƙera motoci suka sa ita ce tirelar da ba ta da birki kada nauyinta da kayanta ya wuce kilo 750. A ɗaure maƙalar tirela a jikin shasi, ba a bamba ba, a sa mata sarƙar kariya da fitilun baya, a jera kaya yadda kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin zai sauka a kan maƙalar, in ba haka ba tirela za ta riƙa wutsil-wutsil har ta kifar da mota. Masu ɗora dogon kwale-kwale a bodi, rabinsa na lilo a baya babu ko jan ƙyalle, suna wasa ne da ran mai babur ɗin da ke biye da su.

Wani zai ce masunci guda ina ya ga kuɗin Hilux, ko da ta hannu ce? Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa mallakar ta fi dacewa da ƙungiya ƙarƙashin Sarkin Ruwa, da direba guda da littafin shiga da fita, motar ta yi jigilar kwale-kwale lokacin su, ta yi dakon masara da dawa zuwa kasuwannin Sheme da Dandume da kaka. In aikin ƙungiya ya kai ga kwasar jirage uku ko huɗu a tafiya ɗaya, ko safarar kifi daga nesa kowane mako, a nan gas ya sami gurbinsa, sai a nemi motar Kanta mai tsohon inji maras kwamfuta. Masu maganar iskar gas ta CNG kuwa, ita ma hujja ce ga mai injin fetur, domin shi ya fi sauƙin juyawa in tashoshin cikawa suka iso kusa, bayan an kammala bututun Ajakuta zuwa Kaduna da Kano.

Ina kira ga shugabannin masunta na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kafin su ba dillali ko kobo, su auna kwale-kwalensu da kayansa, su lissafa tafiyar da za su yi a shekara, su je da bakanikensu ya duba inji da shasi da takardun kwastam. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa kuma, in za ta tallafa wa masu kamun kifi, ta gyara musu hanyoyin shiga madatsun ruwa da wurin sauke jirgi, ta ba ƙungiyoyinsu rance mai sauƙi su sayi motar da za su iya riƙewa. Motar da garejin garinku ba zai iya gyarawa ba, kada ku saye ta, komai arahar da aka yi muku.