Ɓeran Lab Ba Ya Ƙarya, Sai Dai a Yi Masa

Lokacin furojek ya kama, kuma duk wanda ya bi ta bayan lab zai ji warin da ba ya ɓuya: fararen ɓeraye sun iso. 'Yan ajin ƙarshe sun yi karo-karo sun sayo su, an raba su keji-keji, ana ɗura musu ruwan ganyen zogale ko shuwaka ko darbejiya. Taken aikin kusan ɗaya ne kowace shekara, wato tasirin ganye kaza a kan sukarin jinin farin ɓera. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne, tun kafin a ɗura wa ɓeran farko komai, kowa ya san abin da babi na huɗu zai ce: ganyen ya yi aiki. Da wuya ka ɗauko furojek a laburare ka ga an rubuta cewa ganyen bai yi komai ba. To, duk ganyen dajin nan magani ne ke nan?

Bari in ba ku labarin wata ƙwayar gado da aka fara samowa a ƙwaƙwalwar ɓera, don ku ga yadda masu wannan sana'a da gaske suke yi da sakamakon da bai zo yadda suka so ba.

Ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa ba a manne suke da juna ba. Tsakanin wadda ke aika saƙo da wadda ke karɓa akwai ɗan gibi, kuma mai aikawa tana zubo sinadari ne daga wasu 'yan jakunkuna ya tsallaka. A wannan mahaɗa akwai furotin iri-iri, kowanne sai ya tsaya daidai inda ake buƙatarsa, don haka akwai wasu furotin da aikinsu shi ne riƙe sauran, kamar katakon da magina ke kafawa a jikin bene su hau. A 1996, Hata da Butz da Thomas Südhof, a birnin Dalas na Amurka, suna neman abin da ke kama wani furotin mai suna niyureksin a ƙwaƙwalwar ɓera, sai suka gano ɗaya daga cikin waɗannan masu riƙo. Suka sa masa suna CASK. Südhof ɗin nan shi ne ya samu kyautar Nobel a 2013 tare da wasu mutum biyu, a kan yadda waɗancan jakunkuna ke kai kayansu inda ya dace.

Wani gefe na CASK ya yi kama da irin furotin da ke liƙa fosfet a jikin wani furotin don ya kunna shi ko ya kashe shi. Sai dai masu wannan aiki suna buƙatar maganiziyam, shi kuma CASK da aka duba tsarinsa sai aka ga wurin da ke kama maganiziyam ɗin ya canza. Sai aka yanke masa hukunci: kama ce kawai, ba ya liƙa komai. Haka aka yi ta rubutawa ana kwafa har 2008, lokacin da Mukherjee da abokan aikinsa suka gwada shi suka ga yana liƙa fosfet a jikin niyureksin ba tare da maganiziyam ba. Kai, maganiziyam ɗin ma hana shi aiki yake yi. Shekara goma sha biyu ana maimaita magana saboda ta yi kama da gaskiya.

Amma abin da ya fi jan hankalina ya faru ne a 2007. An cire ƙwayar gadon CASK gaba ɗaya daga jikin ƙananan ɓeraye. Kowa zai yi tsammanin idan ka janye katako gini zai rushe. Bai rushe ba. Mahaɗun jijiyoyi sun ginu da siffarsu yadda aka saba, canjin da aka gani a wajen aika saƙo kuma ɗan kaɗan ne. Duk da haka 'ya'yan ɓerayen suka mutu cikin kwana ɗaya da haihuwa, wasu da tsagaggen ganɗa. Wannan sakamako bai yi wa tunaninsu na farko daɗi ba ko kaɗan, amma haka suka buga shi. Ba wanda ya gyara lamba don katakon ya fito jarumi.

Shekara ɗaya bayan nan, a 2008, likitoci suka ba da rahoton yara masu ƙaramin kai, waɗanda ƙasan ƙwaƙwalwarsu bai girma yadda ya kamata ba, aka kuma samu lalacewar a CASK take. Ƙwayar tana kan kuromosom X ne, shi ya sa yawancin masu wannan lalura mata ne: mace tana da X biyu, mai lafiyar yana ɗan rufa asiri, namiji kuwa guda ɗaya gare shi, idan ya lalace abin yakan yi tsanani ƙwarai. Yawancin abin da aka sani game da aikin wannan furotin daga ɓera aka koyo shi. Ku ɗauka da masu ɓeran sun yi coge a babi na huɗunsu.

Na san abin da za a ce min. Su suna da kuɗi da injuna, mu kuwa firijin lab ma sai wuta ta ga dama. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce ɗan difloma ya je ya cire ƙwayar gado daga ɓera. Amma rubuta lambar da mita ta nuna ba ya cin ko kwabo. Faɗin cewa ɓeraye biyu sun mutu a sati na farko, maimakon a cike musu gurbi da biro, shi ma kyauta ne. Haka ajiye rukunin da ba a ba shi ganye ba, a auna shi da gaske.

Kuma kada mu ɗauka takardar a laburare kawai za ta ruɓe. Irin waɗannan sakamako su ne ke fita waje su zama "bincike ya nuna" a bakin mai lasifika a tasha. Wata tsohuwa mai ciwon sukari ta ajiye maganin asibiti ta koma shan tsimi, alhali ɓeran da aka ce ya warke wataƙila sukarinsa bai sauka ba ko kaɗan.

Ni ban ɗora laifin duka a kan ɗalibai ba. Tsoro ne. Ɗalibi yana ganin idan ya tsaya gaban malamai ranar kare furojek ya ce "ban samu bambanci ba", za a ce bai iya aiki ba, a rage masa maki bayan ya kashe kuɗin iyayensa a kan keji da dusa. Wannan tsoron malamai ne kaɗai za su iya cire shi. Ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu su kai wannan magana gaban sassan da ke amfani da dabbobi, a nemi a rubuta a liƙa a allon sanarwa cewa makin furojek yana kan ingancin yadda aka yi aiki ne, ko ganye ya yi tasiri ko bai yi ba. Kuma a riƙa karɓar littafin da ɗalibi ya rubuta awonsa na kullum a ciki, a haɗa shi da furojek ɗin ranar miƙawa.