Darasin Kadawa Ga Shugabannin Ma'aikata: Umurni Kaɗai Ba Ya Kai Ruwa Gona

Tun daga watan Yuli na 2023, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a kan sha'anin abinci, hankalin hukuma ya sāke komawa kan noman rani. Duk kuwa inda aka ta da zancen noman rani a Arewa ba a rasa ambaton Kadawa, watau babban aikin ban-ruwa na Kogin Kano, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam a Jihar Kano. Galibin maganganun da a kan yi a kan kuɗi ne da taki da iri da gyaran magudanan ruwa. Akwai wani al'amari da ba a cika taɓo shi ba, alhali kuwa shi ne ke raba tsakanin aikin da ya ɗore da wanda ya rushe: yadda shugaba ke tafiyar da ma'aikatan da ke ƙarƙashinsa.

Asalin aikin

An gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Bako. Daga can ruwa ke gangarowa da kansa ta babbar magudana, ba tare da inji ba, ya rarrabu zuwa ƙananan hanyoyi har ya isa bakin gonaki. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kakkafa hukumomin raya kogunan ƙasar nan, aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. An tsara kashin farko zai shayar da kadada 22,000, amma abin da aka fi daɗewa ana nomawa bai wuce kimanin kadada 15,000 ba. Shinkafa da alkama da tumatir da albasa da masara su ne manyan amfanin yankin, kuma kasuwar Kwanar Gafan ta yi suna wajen tumatir har a kudancin ƙasar nan.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 495 domin shirin TRIMING, wanda aikin Kogin Kano na cikin waɗanda suka amfana da shi. Ban da gyaran magudanai, manufar shirin ita ce a danƙa kula da ƙananan hanyoyin ruwa a hannun ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwan. Ma'anar wannan ita ce, jami'in da ya saba da ba da umurni ya zama tilas ya koyi wata sana'a dabam, watau ya horar da waɗansu har su iya yin abin da a da shi kaɗai ke yi. Ba ƙaramin sauyi ba ne ga mutumin da ya yi shekara 20 yana aiki da takardar umurni da takardar tuhuma.

Horo iri biyu

A bakin Bahaushe kalmar horo tana da fuska biyu. In an ce an yi wa yaro horo, ana nufin an hukunta shi. In an ce an horar da shi, ana nufin an koya masa aiki har hannunsa ya faɗa. Ofisoshin gwamnati da yawa sun riƙe fuskar farko sun saki ta biyu. Ƙaramin ma'aikaci ba ya jin ɗuriyar shugabansa sai ranar da ya yi kuskure.

Abin da masana sha'anin mulki ke kira shugabanci irin na mai horarwa ya samo asali ne daga filin wasa. Kociyan ƙwallo ba ya shiga fili ya buga wa ɗan wasa. Yana tsaye a gefe yana lura, in an tashi ya tambaye shi abin da ya gani, ya nuna masa inda ya gaza, sa'an nan ya sake tura shi. Wani Bature ɗan Ingila mai suna John Whitmore, wanda a da direban tseren mota ne, ya fitar da littafi a kan haka a 1992, ya shimfiɗa tambayoyi huɗu da shugaba zai riƙa yi wa ma'aikacinsa: me ake so a cim ma, yaya al'amarin yake a yanzu, waɗanne hanyoyi ke akwai, wacce kuma za a bi, daga yaushe.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Maƙeri ba ya koya wa ɗan koyo ƙira da lacca. Ya kan sa shi zuga, daga baya ya miƙa masa guduma, ya bar shi ya ɓata lauje ɗaya ko biyu, yana kallo yana gyara. Abin da ya rage shi ne a shigo da wannan tsohuwar hikima cikin ofis.

Abin da alkama ta koyar

Tarihin Kadawa kansa ya nuna illar shugabancin da ba ya tambaya. A shekarun farko hukuma ta ƙwallafa rai a kan alkama. Alkama kuwa tana son a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba domin ta mori sanyin hunturu. Amma a daidai wannan lokaci dawar manomi tana tsaye a gona ba a girbe ba, dawa kuma ita ce tuwon gidansa na shekara. Masu bincike da suka yi nazarin aikin a ƙarshen shekarun 1970, cikinsu har da Tina Wallace wadda aka buga nazarinta a 1981, sun nuna yadda tsarin da aka yanko daga sama ya riƙa cin karo da bukatun manoma.

Malamin gonar da ke zaga ƙauyuka ya san wannan matsala tun kafin a rubuta ta a littafi, domin shi manoma ke faɗa wa. Sai dai tsarin aikin bai tanadi ranar da shugabansa zai zaunar da shi ya tambaye shi abin da ya gano ba. Umurni na sauka daga sama, rahoto na hawa daga ƙasa, rahoton kuwa a kan rubuta shi ne yadda zai yi wa na sama daɗi. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, amma sai an tambaye shi.

Gwajin da aka yi

An taɓa gwada gyara. Wani masani ɗan Isra'ila, Daniel Benor, ya tsara wata hanya ta horarwa da ziyara wadda Bankin Duniya ya yaɗa a Indiya daga tsakiyar shekarun 1970, daga baya hukumomin raya aikin gona na jihohin ƙasar nan suka ɗauka, har da KNARDA ta Jihar Kano wadda aka kafa a farkon shekarun 1980. Bisa tsarin, malamin gona ya kan raba manomansa rukuni takwas, ya ziyarci kowane rukuni a tsayayyar rana sau ɗaya cikin mako biyu. Shi ma duk mako biyu a kan tara su a ba su horo a kan aikin da ke tafe. Mai duba aikinsa ba ya riƙe malamai fiye da kimanin takwas, kuma ana bukatar ya bi su gona ya gani da idonsa.

Alherin wannan tsari shi ne ya tayar da shugaba daga kan kujera, ya kuma sa horarwa ta zama aikin kullum maimakon kwas na shekara-shekara. Rauninsa biyu ne. Na farko, saƙo ɗaya a ke ba kowa ya kai, don haka malamin gona ya zama ɗan aike, ba mai warware matsala ba. Na biyu, yana cin kuɗi ƙwarai, da rancen Bankin Duniya ya ƙare sai babura suka tsaya, tarurrukan mako biyu suka ja baya. Bankin da kansa ya janye daga tsarin a ƙarshen shekarun 1990.

A 1992 shirin Sasakawa Global 2000, wanda Norman Borlaug da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ke cikin jagororinsa, ya fara aiki a jihohin Kano da Kaduna. Dabararsa ita ce gonar gwaji a cikin gonar manomi, manomin ne ke yin aikin da hannunsa, malamin gona na gefe yana nuna masa. Gani ya kori ji. Abin da ya sa wannan hanya ta karɓu shi ne an bar mai koyo ya riƙe fartanya. Ƙa'idar da ta yi aiki tsakanin malamin gona da manomi ita ce ya kamata ta yi aiki tsakanin shugaban sashe da malamin gona.

Yadda abin ke kasancewa

A ɗauka manoman da ke ƙarshen wata hanyar ruwa sun kawo kuka cewa kwana goma ruwa bai iso gare su ba, tumatir ya fara yaushi. Wannan kuka ne da aka saba ji a kowane babban aikin ban-ruwa. Shugaba mai umurni zai aika wa ma'aikacin wurin takardar tuhuma, ya ba shi awa 24 ya yi bayani. Ma'aikacin zai amsa da cewa laifin manoma ne, a sa takardar a fayil, ruwa kuwa bai motsa ba.

Shugaba mai horarwa zai ɗauki ma'aikacin su bi bakin magudanar da ƙafa. Zai ce masa, "Malam, a ganinka ina ruwan ke maƙalewa?" Mai yiwuwa ya amsa, "Ranka ya daɗe, kacalla ta cike wajen gadar can, kuma na sama suna buɗe ƙofa da dare ba ranarsu ba." Sai ya sake tambayarsa wanne ne za su iya magancewa a makon nan ba tare da jiran kuɗi daga hedkwata ba, wa kuma ya kamata a gani. Ma'aikacin da bakinsa zai kawo shawarar aikin gayya da zama da shugabannin ƙungiyar manoma da mai unguwa. A tsai da rana, shugaba ya dawo a ranar ya duba. An kashe awa biyu maimakon minti biyar na rubuta takarda, amma in matsalar ta sake tasowa baɗi, ma'aikacin ba zai jira kowa ba.

Akwai sharaɗi guda. A al'adar wannan ƙasa na ƙasa ba ya musu da na gaba, kuma abin da ya fi tsoro shi ne a kunyata shi a gaban jama'a. Don haka gyara a keɓe a ke yinsa, yabo kuwa a bainar jama'a. Shugaban da ya tsawata wa malamin gona a gaban manoma ya karya shi, domin daga ranar ba mai sauraron shawararsa.

Inda horarwa ba ta isa ba

Ba kowane lokaci ne na tambaya ba. In magudana ta ɓalle cikin dare, umurni a ke bukata nan take. Haka ma a 2016, shekarar da masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta fara aiki, sa'ad da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu har kayan miya suka gagari talaka. Irin wannan annoba tana bukatar mataki na gaggawa daga sama. Amma ko a nan, wanda zai fara ganin ramin tsutsa a jikin ganye shi ne ƙaramin ma'aikaci, kuma ba zai yi saurin kai labari ba sai in ya saba cewa ana sauraronsa.

Har ila yau, horarwa ba ta maye gurbin albashi a kan kari, ko man babur, ko hukunta wanda aka kama yana karɓar na goro don karkatar da ruwa. Mai horarwa ma ya kan cire ɗan wasa daga fili.

Abin da ya kamata a yi

Ma'aikatan gwamnati na tuna Hukumar Udoji da ƙarin albashin 1974, amma kaɗan ne ke tuna cewa rahoton ya nemi a riƙa tafiyar da aiki bisa manufofin da shugaba da ma'aikaci suka amince da su tare, a kuma daina rubuta rahoton ma'aikaci a asirce ba tare da ya gani ba. An karɓi kuɗin, an kuma samu fam ɗin cikewa na ƙarshen shekara, amma zaman da ya kamata a yi kafin a cike shi ya zama sa hannu kawai.

Gyaran ba ya bukatar sabon rance. Kowane shugaban sashe ya keɓe rana ɗaya cikin mako biyu da zai bi ma'aikacinsa wurin aiki. A lokacin ƙarin girma, a tambayi jami'i ma'aikata nawa ya horar har suka iya riƙe aiki in ba ya nan. Kwalejin horar da ma'aikata ta ASCON da ke Badagry, da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, da tsangayoyin aikin gona na Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello, su sa dabarun tambaya da sauraro cikin abin da su ke koyarwa, domin ɗalibin yau shi ne shugaban sashe nan da shekara goma.

A 2024 Bankin Duniya ya sake amincewa da dala miliyan 500 domin madatsun ruwa da ban-ruwa a ƙasar nan. Rance ne, kuma jama'a za su biya. Magudanar da aka gyara da shi za ta sake cikewa da yashi da kacalla cikin 'yan shekaru in ba a samu ma'aikata da manoman da suka ɗauki kula da ita a matsayin aikinsu ba. Wanda ke son sanin ko shugabancin wani sashe na Kadawa ya yi kyau, ya tafi gonar ƙarshe a kan hanyar ruwa cikin watan Maris, ya duba ko ƙasarta da danshi.