Tsutsar gawa shaida ce, a daina share ta

Idan aka tsinci gawa a kango ko a kwata a unguwar Avédji ta Lomé, abin da ke ran jama'a shi ne a gaggauta yi mata sutura, kuma haka addini ya koyar. Sai dai kafin a wanke ta, ya kamata 'yan sandan Lomé su ɗebi tsutsotsin da ke jikinta. Korayen ƙudaje irin su Chrysomya sukan saka ƙwai a kan gawa cikin sa'o'i kaɗan, a zafinmu ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin yini guda, tsutsar kuma ta girma mataki-mataki gwargwadon ɗumin wurin. Bayan kwana uku sanyi da sandarewar jiki ba sa nuna wa likita lokacin mutuwa, amma kwanakin tsutsa na nunawa. Tun 1855 likita Bergeret ya wallafa yadda ya yi amfani da ƙwari a wata shari'a a Faransa, Mégnin kuma ya wallafa littafi a kan ƙwarin gawa a 1894.

Wasu za su ce wannan wulaƙanta mamaci ne. Ai ɗaukar tsutsa ba ya buƙatar a tsaga gawa, ba ya kuma hana a binne ta a ranar. Barin wanda ya kashe shi yana yawo ne wulaƙanci. Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne ƙididdigar girman tsutsa ta Turai ba ta dace da zafi da laimar bakin teku ba. Gaskiya ne, shi ya sa ya wajaba Jami'ar Lomé ta riƙa kiwon ƙudajen garin, ta auna girmansu a damina da hunturu, ta miƙa wa kotu sakamakon.