Hayaniyar da ke cikin faifan Magic Sam ba datti ba ce

Akwai wani ra'ayi da ya zauna daram a tsakanin masu sauraron kiɗa na wannan zamani, har an daina tambayar inda ya samo asali: wai kyan faifai shi ne tsabtar sautinsa. In murya ta fito tas, kowane kayan kiɗa yana wurinsa, babu tari, babu ƙarar kofuna, to faifai ya yi. In kuwa an ɗauke shi a wani ƙaramin gidan rawa da rakoda guda, sai a yatsine fuska a ce wannan na masu tara tsofaffin kaya ne. Masu sharhin faya-fayai sukan yabi makaɗin a layi biyu, sannan su gargaɗi mai saye cewa sautin ba shi da kyau, gara ya fara da na situdiyo. Ni ina ganin a kan kiɗan buluz an kifa maganar ne a baibai, kuma makaɗin jitar nan na Chikago, Magic Sam, ya ishe ni hujja.

Sunansa na yanka Samuel Maghett. An haife shi a 1937 a jihar Misisifi, ya taso zuwa Chikago yana matashi, cikin ayarin miliyoyin baƙaƙen fatar Amurka da suka baro gonakin audugar kudu suka nufi biranen arewa neman aikin masana'anta. A 1957, yana ɗan shekara 20, kamfanin Cobra ya fitar masa da waƙar All Your Love. A 1967 kamfanin Delmark na Bob Koester ya ɗauki West Side Soul, faifan situdiyo da ake sawa a sahun gaba na buluz ɗin Chikago. Ya rasu a watan Disambar 1969 sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 32. Gaba ɗaya kwanakin da ya yi a situdiyo ba su taka kara sun karya ba. Sana'arsa ta kullum tana cikin ƙananan mashaya na yammacin Chikago, inda yake kaɗawa dare bayan dare ga mutanen da suka tashi daga aiki a gajiye.

Ɗaya daga cikin waɗannan wurare shi ne Alex Club. A 1963 da 1964 an ɗauki wasansa a can da rakoda irin ta gida, aka ajiye, sai a 1981 Delmark ya fitar da shi cikin faifan Magic Sam Live. Duk abin da masu son tsabta suke kuka da shi yana nan ciki. Muryar takan fashe in ya ɗaga ta. Ganga tana can baya kamar daga wani ɗaki. Mutane suna hira, suna ihu, suna jefa masa magana yana mayar musu. To amma wanda ya saurara da kyau zai gane cewa wannan hayaniya tana aiki. Tsarin buluz kansa ya tanadar mata wuri: mawaƙi ya rera layi, ya maimaita shi, ya kawo na ukun da zai rufe maganar, kuma bayan kowane layi akwai gurbi da aka bari don amshi. A situdiyo jita ce kaɗai take cike gurbin. A Alex Club jita da jama'a ne suke rabawa. Wata mace ta ɗaga murya ta gaskata abin da ya faɗa, shi kuma ya ja tsarkiya ya tsawaita kukan jitar saboda ya ji an karɓa. Tsawon waƙa ma ba shi kaɗai yake yanke shi ba. Muddin ƙafafu suna motsi, zai ci gaba.

Faifan kasuwa na shekarun 1950 kuwa an yanka shi ne daidai da bukatar rediyo da akwatin kiɗan da ake saka wa kwabo a shaguna, wato minti uku ko ƙasa da haka. Makaɗi ya shiga ɗaki rufe, agogo yana cin kuɗin kamfani, injiniya yana ce masa ya rage ƙarar lasifika. Alhali wannan ƙarar ce take ba jitar yammacin Chikago muryarta. In aka ƙure lasifika sai sautin ya ɗan dusashe, ya yi kauri, ya daɗe yana amo bayan an saki tsarkiya. Masu gidajen rawar unguwar ba su da kuɗin biyan babbar ƙungiya mai masu busa da yawa, don haka sau tari mutum uku ko huɗu ne a kan dandali, kuma dole mai jita ya cike wurin da ya kamata a ce wasu ne suka cike. Salon da ake yaba wa Magic Sam, na haɗa kiɗan rakiya da na jagora a hannu ɗaya, a wannan matsi aka ƙera shi. Ta yaya za a ce ɗakin da ya haifi salon shi ne kwafi mara inganci, ɗakin da aka kai shi aka rage masa ƙarfi shi ne na asali?

Bahaushe bai kamata ya sha wahalar gane wannan ba. Mun taso da kaset-kaset na Mamman Shata da aka ɗauka a wurin wasa, da kalangai suna neman danne murya, da shewar mata, da maroƙi yana kutsowa da kirari. Babu mai hankalin da ya taɓa cewa a goge waɗannan a bar muryar Shata ita kaɗai. Kowa ya san a gaban jama'a yake ƙirƙirar baiti, kuma wanda ya shigo fili yana iya canza inda waƙar ta nufa.

Wani abin da ya ƙara tabbatar mini shi ne labarin Hound Dog Taylor. Shi ma ɗan Misisifi ne da ya zauna a Chikago, yana kaɗa jita mai araha ƙirar Japan, tare da Brewer Phillips a jita ta biyu da Ted Harvey a ganga. Wani matashi mai suna Bruce Iglauer, wanda yake aikin haɗa kaya a Delmark, ya riƙa zuwa kallonsu ranar Lahadi a Florence's Lounge. Ya roƙi maigidansa ya ɗauke su, bai yarda ba. Sai ya ɗauki gadon da ya samu, dala 2,500, ya kafa kamfanin Alligator a 1971 don ya fitar da faifan da kansa. Abin lura shi ne yadda ya yi aikin. Ya kai su situdiyo, amma ya bar su da tsofaffin lasifikansu, suka kaɗa tare gaba ɗaya kamar suna Florence's, ba a ɗauki kowa daban an liƙa ba. Mutumin da ya fi kowa sanin wannan kiɗa ya ɗauki gidan rawa a matsayin ma'auni, situdiyo ce take ƙoƙarin kamo shi.

Za a ce ai duniya ta yarda da faifan Live at the Regal na mawaƙin buluz B.B. King, wanda aka ɗauka a gaban jama'a a Nuwambar 1964. Haka ne, kuma ya cancanci yabon. Sai dai Regal babban zaure ne, babban kamfani ne ya kawo ƙwararru da kayan aiki. An yarda da ihun jama'a a can saboda an ɗauke shi da tsada. Ihun ƙaramin ɗaki shi ne har yanzu ake kira lahani. Ko faifan Live at the Avant Garde, wanda wani ɗan makarantar sakandare ya ɗauka a wani gidan shan gahawa a birnin Milwoki a watan Yunin 1968, sai da ya shekara 45 a ajiye kafin ya fito a 2013, kuma a cikinsa ana jin Magic Sam da mutum biyu kacal a bayansa yana yin abin da babu faifan situdiyon da ya ba shi filin yi.

Akwai ƙorafi ɗaya da nake ɗauka da nauyi, kuma ba na sauti ba ne. Yawancin waɗannan faya-fayai sun fito ne bayan mutuwar masu su. Magic Sam bai zaɓi daren da za a saki ba, bai saurara ya ce wannan ya yi, wancan a ɓoye ba. Makaɗan buluz kuma sun daɗe ana cin guminsu. Don haka wajibi ne duk kamfanin da ya fitar da irin wannan ya nemi iznin magada, ya biya su haƙƙinsu, kuma mai saye ya guji na sata. Wannan magana ce ta amana, a tsaya a kanta. Amma ba ta rage komai daga darajar abin da ke cikin faifan.

Abin da ya fi damuna a yanzu shi ne sabbin manhajojin kwamfuta da suke iya tsame murya daga ganga, su tsame jita daga hayaniyar ɗaki. In an yi amfani da su don a ɗago bugun gangar da ya nutse, madalla. Amma ra'ayin tsabta zai ja masu gyara su goge jama'ar baki ɗaya, kuma a nan ne asarar take. Su wa ke ihu a Alex Club? Ma'aikatan ƙarfe ne, da na mayanka, da direbobi, da mata masu aikatau a gidajen masu hali, waɗanda babu jaridar da ta je ta ji ta bakinsu. Mayankar Chikago ta rufe a 1971. An rushe Regal a 1973. Theresa's Lounge, ɗakin ƙarƙashin ƙasa da Theresa Needham ta riƙe shekara da shekaru, inda aka ɗauki wasan mawaƙin buluz Junior Wells a 1975, shi ma ya zama tarihi. Waɗannan mutane su ne suka biya kuɗin ƙofa suka ciyar da makaɗan lokacin da sauran Amurka ba ta san da su ba, kuma su ne suka nuna musu da ƙafa da murya wane kiɗa ne ya isa a maimaita. Kamfanin da zai sake fitar da faifan Alex Club ya gyara abin da zai gyara, amma ya bar su a ciki da ƙarfin da rakoda ta same su.